A Bai Wa Yaran Makaranta Damar Sanin Sararin Samaniya

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san irin tambayoyin da yara kan yi game da sama. Me ya hana wata faɗowa? Me ke kawo husufi? Abin baƙin ciki shi ne, a makarantu da yawa amsar da yaro kan samu ita ce a ce ya yi shiru ya kwafi abin da ke kan allo. Ta haka ake kashe kwaɗayin ilmi tun yana tsiro, alhali kuwa da irin waɗannan tambayoyi ne wasu ƙasashe suka kai inda suka kai.

Sanin taurari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mutanen da sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, kuma manoma da fatake da su suke gane lokaci da hanya. Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilmin lissafi da na taurari. A zamanin kumbo ma ba a bar ƙasar nan a baya ba. Bayan da Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, Amurka ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunanta, kuma tashar ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a 1962. A watan Agusta na 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ta wayar da ta bi ta tauraron Syncom. Saukar 'yan sama-jannati a kan wata a 1969 kuwa, har Alhaji Mamman Shata sai da ya yi wa kumbon Afolo waƙa.

Amma kallon abin mamaki daban, iya yin sa daban. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, aka harba taurarontan na farko daga Rasha a 2003, wanda wani kamfanin Ingila ya ƙera. Tauraron sadarwa da Sin ta ƙera mata, aka harba a 2007, ya lalace a 2008 saboda na'urarsa ta tara hasken rana ta samu matsala, sai a 2011 aka maye gurbinsa. Darasin a fili yake: kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya fi faranta rai shi ne NigeriaSat-X na 2011, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu bayan horon da suka samu a Ingila, da kuma ƙananan taurarin da aka harba a 2017, waɗanda Jami'ar Fasaha ta Akure da wata jami'a ta Koforidua a Gana suka sa hannu wajen ƙerawa a Japan. Kowanne bai fi santimita 10 a kowane gefe ba, kuma matasa ne suka yi aikin.

Wasu kan ce ina ruwan mai jin yunwa da taurari. Maganar tana da nauyi, amma ta manta cewa daga sama ake hango gajimaren damina kafin ya iso, da tafiyar hamada, da janyewar Tafkin Chadi. Manomin da aka gaya wa ranar da shuka za ta yi albarka ya ci moriyar kimiyyar nan ko bai san sunanta ba. Haka mai kallon talbijin: farantinsa yana kallon wuri ɗaya ne saboda tauraron yana nisan kimanin kilomita 36,000, inda yakan kewaya duniya sau ɗaya a yini da kwana, daidai da juyawar duniyar kanta. Ɗalibin da ya gane wannan ya kama bakin zaren ilmin fiziks.

Ba kuma sai an kashe miliyoyi ba kafin a fara. Kano da Kalaba kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, da tazarar kimanin kilomita 780. Idan ɗalibai a garuruwan biyu suka kafa sanda a tsaye a rana ɗaya, suka auna inuwarta da tsakar rana, za su sami bambancin kimanin digiri 7. Da yake digiri 7 kusan kashi 1 ne cikin 51 na da'ira, in suka ninka 780 sau 51 za su ga kewayen duniya ya tasam ma kilomita 40,000. Sanda da ma'auni da malami mai himma, su ke nan kayan aikin.

Jihar Kano ta nuna hanya a 1977 da ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu ɗimbin yawa. Abin da ya yi aiki a wancan lokaci shi ne zaɓen yara bisa cancanta, da ɗakunan gwaji masu kaya, da malaman da ake girmamawa.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatun ilmi su ware kuɗin ɗakunan gwaji, su kuma tabbatar kayan sun isa makarantu, ba su tsaya a takardar kwangila ba. A kyautata albashin malaman kimiyya da lissafi don kada su gudu daga aji. A kafa ƙungiyoyin nazarin taurari a makarantu, a sa 'yan mata a ciki daidai da maza. Gidajen rediyo su riƙa bayyana waɗannan abubuwa da Hausa. Su kuma ɗalibai su daina gudun lissafi, domin shi ne mabuɗin wannan ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka amsa wa tambayarsa yau shi ne zai ƙera wa ƙasarsa tauraro gobe.