Don Broly ya shiga, ba kowane baƙo ne zai zama ɗan gida ba

Matasanmu masu kallon Dragon Ball sun cika sashen sharhi na wannan shafi da kira ɗaya: tunda an ɗauko Broly daga finafinan gefe an saka shi cikin gundarin labari, to a buɗe ƙofa a shigo da Cooler da Janemba da sauran 'yan uwansu. Wasu dattawa za su ce mene ne abin ɓata baki a kan katun. Ni dai ina ganin abin da yaranmu ke kwana suna musu a kai ya cancanci a yi musun da hujja. Kuma ra'ayina shi ne wannan kira kuskure ne.

Akira Toriyama ya zana littafin Dragon Ball daga 1984 zuwa 1995. A gefe guda kamfanin Toei yana fitar da finafinai waɗanda wasu marubutan suka tsara, yawancinsu ba su da gurbi a jerin abubuwan da suka faru a littafin. A nan aka haifi Broly a 1993, a fim ɗin da Takao Koyama ya rubuta. Ƙarfi kam akwai, amma me ya sa ya tsani Goku? Wai suna jarirai an kwantar da su kusa da juna, kukan Goku ya dame shi. Ƙaton mutum yana rushe duniyoyi saboda kukan jariri!

Da aka zo fim ɗin 2018, Toriyama da kansa ya faɗi cewa shawara aka ba shi saboda farin jinin Broly har a ƙasashen waje. Ke nan maganar kasuwa na ciki, babu mai musu. Sai dai ku dubi aikin da ya yi kafin ya karɓe shi. Ya jefar da zancen kukan jariri. Ya sa Sarki Vegeta ya kore shi zuwa Vampa, kangon duniyar da babu mai zuwa, wanda ya bayyana dalilin da ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba duk tsawon labarin. Ya mai da shi yaro mai sanyin hali da ubansa Paragus ya rena da wahala, yana juya shi da ƙarfen lantarki a wuya. Fatar da yake ɗaurawa a ƙugu ma kunnen Ba ne, dabbar da ta zama abokinsa, wadda uban ya harbe wa kunne. Suna da kama kawai aka aro. Kama da wane kuwa ba ta wane.

To ku kawo Cooler na fim ɗin 1991 mu gwada shi da wannan ma'auni. An ce wan Frieza ne. Ina yake lokacin da Trunks ya kashe Frieza da ubansu King Cold a rana ɗaya? Ina yake lokacin da rundunar gidansu ta lalace har Sorbet ya zo duniya neman ta da Frieza, a fim ɗin 2015? Da gidan na da magaji a raye, wa zai sha wannan wahala? Duk mai son Cooler ya shigo, sai ya fara amsa waɗannan.

Za ku ce ai Gogeta na fim ɗin 1995 ya shigo a 2018 ba tare da wani dogon gyara ba. Gaskiya ne. Amma Gogeta ba shi da uwa ba shi da uba, ba shi da tarihin da za a nema wa wuri. Rawar haɗewa da ke samar da shi tana cikin littafin tun zamanin Gotenks. Ƙofarsa a buɗe take tun asali.

Wanda yake son ganin illar gaggawa ya dubi Super Saiyan 4. A Dragon Ball GT aka fara ganinsa, sai ga shi a Dragon Ball Daima a 2025, masu kallo suka yi ta murna. Matsalar ita ce labarin Daima ya faru kafin zuwan Beerus. Me ya hana Goku fito da mataki na huɗu ranar da Beerus ya lallasa shi yana mataki na uku? Har yau masoya na ta ɗinkin wannan ɓaraka da hasashe. Idan wannan ta faru a aikin da Toriyama ya sa wa hannu, ina ga wanda za a yi babu shi?

Nan ne damuwata take. Toriyama ya mutu ranar 1 ga Maris, 2024. Mutumin da zai iya karɓar baƙo ya sake masa hali, a yarda da shi don gidansa ne, ba ya nan. Waɗanda suka rage suna da wasannin bidiyo da 'yan tsana da za su sayar, kuma kowace tsohuwar fuska da aka dawo da ita kuɗi ce. Idan mu masu kallo muka yi ta ihun a kawo wane a kawo wane, mu ne muka tsaga bangon da ƙadangare zai shiga.

Sannan akwai hasarar da masu kiran ba su lissafa ba. Bardock na shirin talabijin na 1990 mayaƙi ne mai taurin zuciya, da aka sake zana shi a 2014 sai ya koma uba mai tausayi. Da yawa sun ji haushi, don sabon ya ture wanda suka sani. Cooler ɗin da kuke so, idan ya shigo, ba lalle shi za ku gani ba.

Tsofaffin finafinan nan suna nan, babu wanda ya hana ku kallo. Ku bar Cooler da Janemba a inda suka yi suna. Mai ja da wannan magana, sashen sharhi a buɗe yake, amma ya zo da amsar tambayoyin da na yi, ban da zagi kamar yadda dokar shafi ta tanada.

Sakataren Ƙungiya