Dutse ma yana da takardar haihuwa

Jama'a, a wata tasha ta hanyar Agadas mun taɓa ganin wani yaro da faifai cike da haƙora da guntayen ƙasusuwa da suka zama dutse, yana neman dala ɗari biyu a kan kowane. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya kwashi goma zai kai Yamai, wai Turawa na so. Da muka tambayi yaron inda aka tono su, sai ya nuna daji da hannu. Ciniki ya yi, amma an yi asarar da babu mai biyan ta.

Iyayenmu mata na kasuwa sun san tsarin sito. Buhun da ke ƙasa shi ya riga shigowa, na sama baƙo ne, sai fa in wani ya birkice kayan. Haka ƙasa take. Ruwa da iska na shimfiɗa yashi da laka, wani kan wani, har su daskare su zama dutse. Wani masani ɗan Danmak, Nikola Steno, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1669. Duk wanda ya tsaya bakin rijiya ana gina ta ya ga yadda launin ƙasar da ake fiddowa ke sauyawa, ya riga ya karanta shafin farko na wannan ilimi.

Sai dai tsarin buhuna yana faɗin wanda ya girmi wani ne kawai, ba ya faɗin shekaru. Shekarun daga iraniyom ake samun su, shi ɗin nan da ake haƙa a Arlit tun 1971. Iraniyom yana rikiɗa sannu a hankali ya koma dalma, kuma tafiyarsa ba ta sauri ba ta nawa, ko zafi ko sanyi. A ce tiya 8 ce: bayan wani lokaci sananne 4 sun zama dalma, in lokacin ya sake zagayowa saura 2, sannan 1. Ga irin da ya fi yawa, wannan lokaci shekara miliyar 4 da rabi ne. Akwai wata ƙwayar dutse ƙarama kamar yashi, zirkon, wadda ke karɓar iraniyom sa'ad da take haɗuwa amma ba ta karɓar dalma. Saboda haka duk dalmar da aka tarar cikinta daga baya ta samu. A auna wannan, a auna wancan, lissafi ya fito. Da awo irin wannan aka gano a 1956 cewa duniya ta kai shekara miliyar 4 da rabi.

Wanda kuka fi ji a rediyo, karbon 14, na abin da ya taɓa rayuwa ne, kuma ba ya wuce shekara dubu 50. Da shi aka auna kaburburan Gobero da aka gano cikin Tenere a 2000, aka ga mutane sun zauna bakin tabki suna kamun kifi kusan shekara dubu 10 da suka wuce. Ga ƙashin dinozor kuwa ba shi da amfani, kamar a ce za a auna kayan babbar mota da sikelin zinariya.

To yaya ake sanin shekarun ƙashin? Daga shimfiɗar da yake kwance. Ana duba me ke sama da shi, me ke ƙasa, waɗanne halittu ke tare da shi, a gwada da wasu wurare na duniya inda aka samu tokar dutse mai aman wuta da za a iya aunawa. Ta haka aka jera zamunna kamar kalanda, aka ba su sunaye: Jurasik, sannan Kretase da ya ƙare shekara miliyon 66 baya, lokacin da dinozor suka ɓace. Ƙasusuwan Gadufawa, inda Bafaranshe Filip Take ya yi aiki daga 1965, inda kuma aka samu kada mai tsawon sama da mita 9, suna da wajen shekara miliyon 110. Na Jobariya da aka tono kusa da Ingal, da farko an ce miliyon 135. A 2009 wasu masana suka sake duba shimfiɗar suka ce wajen miliyon 160 ne. An iya gyara kuskuren ne don an san ramin da ya fito. Haƙorin da ke faifan yaron nan ba wanda zai sake sanin nasa.

Wani zai ce, mu da ke neman na cefane, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu kuwa a nan yake. Damagaram na zaune ne kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake janyo shi daga nesa, kuma mai tuyar ƙosai ta san abin da take ba ɗan ga-ruwa. Farar ƙasar da ake siminti da ita a Malbaza, da bawon halittun teku a cikinta, ta kwanta ne wajen shekara miliyon 60 baya, lokacin da teku ya rufe yankin Tawa. Gawayin Anu Araren da man Agadem da ake tacewa tun 2011, duk sai da aka san wace shimfiɗa ce, ta wane zamani, kafin a sa injin. Wanda ya iya karatun shimfiɗa shi ke zama kan tebur ya faɗi farashi, kuma shekara da shekaru baƙi ne suka fi mu iya shi.

Don haka muke kira ga alhazanmu masu saye da sayarwa: kada ku sayi waɗannan ƙasusuwa. In babu mai saye, yaro ba zai tono ba. Makiyayin da ya gamu da su ya bar su inda suke, ya shaida wa mai gari ko hukuma. Haka nan in ƙungiyar ƴan kasuwa ta tara kuɗin ginar rijiya, a biya masani ya duba wurin tukuna; kuɗinsa bai kai na rami busasshe ba. Hajiya, in kuma ɗiyarki ta samu bak ta ce ilimin duwatsu za ta karanta a jami'ar Abdu Mumuni, kada a yi mata dariya a ce za ta tsintar tsakuwa. A saya mata takalmi mai ƙwari, don yawancin aikin a daji ake yin shi.