Wanda ya zauna a Tabotaki shi ya kamata a koya wa sana'a

Duk wanda ya san Adar ya san abin da ke biyo bayan kaka. Da an kai hatsi rumbu, majiya ƙarfin Tabotaki da Buza da Keita sai su ɗaure kaya su tafi ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Kano da Legas. Lokacin da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙar ramukan itatuwa, don maza sun tafi. Amma akwai wasu mazauna da ba a cika lissafawa ba: gurgu da makaho da kurma. Ni a ganina, a ƙasar da ma'aikata ke ƙaura duk shekara, wanda ke nan rani da damina shi ne jarin da ya fi cancantar a zuba wa ilimin sana'a.

Yaron da ya ƙware a gyaran injin ban-ruwa, da hannunsa ya faɗa, sau da yawa sai ya kama hanyar gabar teku, ƙwarewar ta bi shi. Gurgun da ya koyi ɗinki ko gyaran salula kuwa, rumfarsa na buɗe ranar kasuwa da sauran ranaku, kuma shi zai koya wa na baya. Ban da haka, wanda kullum sai ya yi dabara kafin ya haye kwari ko ya hau mota, ya saba da warware matsalar da mai lafiya bai taɓa lura da ita ba. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta naƙasa ita ke walda tana ƙera kekunan guragu, kuma ba mamaki su fi kowa sanin inda keken ke karyewa, tunda su ke hawansa.

Za a ce aikin ƙauye na ƙarfi ne, gurgu ba zai riƙe hauya ba. Wannan gaskiya ce rabi. Albasar Galmi da Madawa ba ta ƙarewa a garka. Akwai renon iri, da tsintar ruɓaɓɓiya a rudu, wato rumbun albasa, da ɗinkin buhu, da riƙon lissafin ƙungiyar manoma, da ciniki ta waya da dillalai. Wanne daga ciki ke buƙatar ƙafa biyu? Wasu kuma za su ce ai sadaka da zakka sun wadatar. Sadaka na ciyar da mutum yau, amma ita ce ke mayar da hannu mai iya aiki hannun karɓa, har ya bar garinsu ya tafi bara birni. Addinin da muke kafa hujja da shi ma ya nuna wata hanya: Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW), kuma an sha bar masa riƙon Madina.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1993 Nijar ta yi dokar kare naƙasassu, aka ware masu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun da ke da mutum 20 zuwa sama, kuma a 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Sai dai ma'aikatu nawa ne a Tabotaki ke da mutum 20? Dokar ta fi dacewa da Yamai. A nan, masu ba da aiki su ne magajin gari, da tela, da maƙeri, da shugaban ƙungiyar 'yan garka. Idan za a ɗauki mai karɓar kuɗin famfo ko mai yanka tikitin kasuwa, ko wata ƙungiyar agaji ta zo neman matasan da za ta horar, a fara aikawa gidan sarkin guragu da na sarkin makafi, don su suka san mutanensu da abin da kowa ya iya.