Israfin Yana Ga Maganin da Aka Sha a Makance

Tun da aka furta a makon jiya cewa binciken ƙwayoyin halittar sankara israfi ne wanda ƙasa matalauciya ba ta da hurumin shiga, na ga masu ra'ayin riƙau daga Ƙofar Mazugal har Giginyu suna gyaɗa kai, kamar an saukar musu da nassi, alhali kuwa ko ɗalibin da ya fara Iziyya ya san ba a yanke hukunci sai an tabbatar da illa.

Sankarar mama ba cuta guda ba ce. Akwai wadda sinadarin mata ke ciyar da ita, ita ce maganin tamoxifen ke yi wa tasiri. Akwai mai alamar HER2, wadda aka samar wa Herceptin tun 1998. Akwai kuma wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu, kuma ita ce ta yawaita a matan Afirka ta Yamma. Likitan da ya rubuta magani bai auna tsokar da aka yanko ba, to zato yake yi, kuma da kuɗin gonar da aka sayar ake biyan zaton nasa. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi 15 cikin ɗari na masu sankarar mama da aka duba sun gaji lahanin ƙwayar halitta ne daga iyaye, galibi a BRCA1 da BRCA2, wanda ke nufin 'ya'yansu da ƙannensu ma suna da haƙƙin sani.

Masu ra'ayin riƙau za su ce na'urar gashin sankara ta fi gaggawa. Madalla! Mu dai mutane ne masu ƙaunar abin da ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, shi kuwa ɗakin gwaji ba ya cika ido, ba ya kuma cika aljihun ɗan kwangila.

Su ne fa waɗanda suka shekara suna cewa gwajin jini kafin aure shisshigi ne ga ƙaddara, yara suna kwana suna kuka da ciwon amosanin jini, har sai da dokar 2024 ta tilasta shi a Kano, sannan suka yi gum, ba tuba ba istigfari.

Iyalan majinyata, kada ku biya kuɗin allura sai kun tambayi likita sakamakon gwajin tsokar.