Labarin Likitan Da Ya Samo Maganin Bushiya, Da Waɗanda Suka Taimake Shi

A wannan mako ina so in ba ku labarin wani Bature masanin dabbobi, sunansa Walter Plowright, gama na ga yara da yawa suna fita makaranta ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa ba wanda ya sha nono ko ya ci nama a ƙasar nan da bai ci moriyar aikinsa ba.

Ku tambayi dattawan Filani labarin bushiya. Ciwo ne mai kama saniya da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, kana zawo ya biyo baya, cikin kwana kaɗan ta faɗi. A 1887 ya shigo Afirka ta Iritiriya, tare da shanun da sojan Italiya suka kawo, ya ratsa har ƙasashenmu, ya bar masu garke ɗari da sanda kaɗai a hannu. Saboda wannan ciwo ne aka kafa ma'aikatar binciken dabbobi ta Bom, kusa da Jos, a 1924.

An haifi Plowright a Ingila a 1923, ya gama karatun likitan dabbobi a Landan a 1944. Ya yi aiki a Kenya, ya zo Bom ya yi 'yan shekaru, sa'an nan a 1956 ya koma Kenya, wani wuri da ake kira Muguga. Kafin wannan lokaci akwai allurar riga-kafi da ake samu daga jikin awaki, amma tana jigata shanu, har takan kashe raunana. To, shi da abokin aikinsa R. D. Ferris sai suka ɗauki ƙwayar cutar suka riƙa renonta cikin kwalba, a kan ƙwayoyin ƙodar maraƙi. In ta yaɗu su ɗiba su sa a wata kwalbar, haka haka har wajen sau 90. Da haka ƙarfinta ya karye, ta zama ba ta iya sa ciwo, amma jikin saniya yana gane ta ya ɗaura yaƙi. Allura guda ta isa saniya har iyakar ranta, ga ta kuma da araha. Wannan haƙuri na shekaru shi ne abin da ni ya fi ba ni mamaki.

Wani abin kuma da ya gano ya fi wannan daɗin ji. Mutane sun daɗe suna zaton namun daji ne ke ajiye ciwon suna ba shanu. Da ya auna jinin wani naman dawa na Serengeti, wanda Sawahili ke kira nyumbu, sai ya ga tun da aka yi wa shanun kewaye allura ciwon ya ɓace daga jikin na dajin. Ashe shanu ne ke ba su! Nyumbun nan da ba su wuce 250,000 ba wajen 1961 suka haura miliyan 1 kafin 1980.

Amma fa maganin da ke cikin kwalba ba ya warkad da saniyar da ke ruga. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka haɗa kai suka fara gangamin allura, wanda daga baya ya kai ƙasashe 22. Malaman dabbobi suka bi mashekari da mashaya, suna ɗauke da maganin cikin ƙanƙara, gama zafi yana lalata shi, duk wadda aka yi wa a huda mata kunne don shaida. Sarakuna da hakimai da arɗo-arɗo suka yi ta lallashin makiyaya. Ba a rubuta sunayen waɗannan mutane a littattafai ba, ni kuwa ina ganin rabin ladan nasu ne.

Sai aka yi sakaci. Gangamin ya ƙare a 1976, aka ɗauka an gama, aka bar 'yan maruƙan da aka haifa daga baya ba allura. Ciwon da ya ɓuya a wasu lunguna ya taso, a 1983 ya yi wa shanun Nijeriya mummunar ɓarna. Dole aka sake sabon gangami a 1986. Wani Ba'amurke, Jeffrey Mariner, ya gyara maganin Plowright yadda zai jure zafi, har aka koya wa makiyaya da kansu yin allurar a wuraren da mota ba ta zuwa. An ga ciwon na ƙarshe a Kenya a 2001, cikin ɓauna, a 2011 kuma aka yi shelar ya ƙare a duniya. Ban da agana, ba wata cuta da ɗan Adam ya taɓa kawarwa haka. Plowright ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1999, ya mutu a 2010, saura shekara guda a yi shelar.

Abin da ya sa na kawo zancen yanzu, bushiya tana da 'yar'uwa mai kashe awaki da tumaki, an kuwa ɗauki alkawarin kawad da ita kafin 2030. Akuya dukiyar mata ce da talakawa. Ina roƙon malaman makaranta da limamai da ma'aikatan hakimai, in masu allura sun iso garinku, ku gaya wa jama'a su fito da dabbobinsu duka, har da 'yan ƙananan da aka haifa bana.

Haza wasalam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.