Kafin ka sa Baba ya sayar da fili, karanta tarihin Bruno Fernandes

1/ Jiya da daddare a gidan kallon unguwarmu nan Kambarawa saura ƙiris a ba hammata iska a kan Bruno Fernandes. Wasu sun ce shi ne matsalar Man U, wasu sun ce ba don shi ba da tuni kulob ɗin ya nutse. Ni dai na yi shiru, don abin da ke cina daban ne. Zaren na da tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Tun farko in faɗa: ni ɗan Arsenal ne. Ban zo kare Bruno ba. Yawan ƙorafinsa ga alƙalin wasa ni ma haushi yake ba ni. Amma cikin masu zaginsa jiya akwai wani yaro ɗan shekara 16 da ya ce shi ko a mafarki ba zai buga lig ɗin Najeriya ba, Turai zai wuce kai tsaye. Nan gabana ya faɗi.

3/ Don na taɓa jin wannan maganar, kalma da kalma, daga bakin ƙanena ɗan baffana. Zan dawo kansa. Bari mu fara da Bruno ɗin da kuke gani a talabijin da kambun kyaftin, ku ga ta inda ya biyo.

4/ An haife shi a 1994 a garin Maia, kusa da Porto. Fotugal na da manyan makarantun ƙwallo uku da duniya ta sani: Benfica, Porto da Sporting. Babu ko ɗaya da ta raine shi. A Infesta ya fara, sannan Boavista. 

5/ A 2012, yana shekara 17, ya tafi Italiya. Kar ku ɗauka Juventus ko Milan. Novara ya je, ƙungiyar da ke rukuni na biyu, Serie B. Kuɗin da aka saye shi wajen Yuro dubu 40 ne. A kasuwar ƙwallon Turai wannan kuɗin shayi ne. Bai ji yaren ba, ba kowa nasa a garin.

6/ Shekara ɗaya a Novara. Sai Udinese, shekara uku. Sai Sampdoria, shekara ɗaya. Shekara biyar cur a Italiya ba kofi, ba wanda ke saka rigarsa a Katsina. Abu ɗaya yake tarawa: wasanni. Duk mako yana cikin fili, ana rubuta sunansa a takardar wasa.

7/ Sai a 2017 Sporting ta dawo da shi gida kan Yuro miliyan 8.5. A kakar 2018/19 ya ci ƙwallo sama da 30, alhali ɗan tsakiya ne. A Janairun 2020 Man U ta biya wajen Yuro miliyan 55. Yana da shekara 25 lokacin. Aka ba shi kyaftin a 2023.

8/ Ku lissafa da kanku. Daga Novara zuwa Old Trafford shekara bakwai da rabi ne, ƙungiya huɗu. Mu kuma a nan yaro ya ci ƙwallo biyu a gasar unguwa sai ya fara tambayar nawa ne kuɗin fasfo.

9/ To ga ɗan baffana. Lamba 8 yake bugawa, kuma wallahi ya iya. Idan ya karɓi bal ya juya, har dattawan da ke wucewa masallaci tsayawa suke. Wata ƙaramar ƙungiya mai rajista ta neme shi, alawus kaɗan, tirenin safe da yamma. Ya ce shi ya wuce ajin nan.

10/ Sai wani mutum ya ɓullo, wai ejan ne. Wayarsa cike da hotuna shi da 'yan wasa a filin jirgi. Ya kawo takardar gayyata mai tambarin wani kulob. Ya ce kuɗin biza, tikiti da masauki kawai za a biya, sauran alheri sai an sa hannu. Baffa ya sayar da filinsa, wanda ya ajiye don ginin yara.

11/ Ƙasar da aka sauke shi ma ba Turai ba ce, wai zango ne. Wata uku a ɗaki ɗaya da wasu yara daga ƙasashe daban-daban. Ba gwaji, ba kulob, ba koci. Lambar ejan ta daina shiga. Biza ta ƙare. Karo-karo dangi suka yi aka dawo da shi, har Inna ta sayar da tumakinta.

12/ Yau Napep yake ja. Sana'a ce, ba abin kunya a ciki, kuma yana rufa wa kansa asiri. Amma ko filin unguwa ya daina zuwa. Baffa kuwa har yanzu idan an yi maganar ƙwallo a gidan tashi yake ya bar wurin.

13/ Na san me za ku ce: Bruno ɗan Turai ne, hanyarsa a buɗe take. Gaskiya ne. Dokar FIFA ta hana sayen yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa, amma ta yi sassauci ga 'yan 16 zuwa 18 a cikin Tarayyar Turai. Ta wannan ƙofar ya shiga Italiya yana 17.

14/ Amma ku lura, wannan dokar a kanku take magana. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 16 daga Katsina ya sa hannu a kulob ɗin Turai, ko bai san doka ba ko ya san abin da yake yi. Kowanne ne, bai cancanci ko sisin Baba ba.

15/ Kuma idan Bruno ya yi muku nisa, ga namu. Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi. A Fotugal ɗin dai, Mirandela ya buga, rukuni na uku. Sai Santa Clara a 2019, sai Porto a 2020. A Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin lig, a gidan Benfica.

16/ Ahmed Musa fa? Kafin CSKA Moscow da Leicester, a Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig ɗin da kuke rainawa. Daga nan ma VVV-Venlo ya tafi a 2010, ƙaramin kulob a Holan.

17/ Wani zai ce Osimhen ai kai tsaye ya tafi. To ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, duniya na kallo. Duk da haka a Wolfsburg ko ɗaya bai ci ba. Sai da ya sauka zuwa Charleroi a Beljiyam ya farfaɗo, sannan Lille, sannan Napoli. Shi ma tsanin ya bi.

18/ Ban ce lig ɗinmu aljanna ba ce. Albashi kaɗan ne kuma yakan makale. Tafiyar mota ce mai nisa a hanyoyin da duk mun san halinsu. Alƙalanci kuwa sai addu'a. Duk na yarda. Wanda ya ce waɗannan ba matsala ba ne bai taɓa zama da ɗan wasan gida ba.

19/ Amma ƙungiya mai rajista tana ba ka abin da ejan ɗin bogi ba zai taɓa ba ka ba: suna a takardar wasa, bidiyon wasa na gaske, koci da za a kira a tambaya. Kulob ɗin waje tarihi yake saye. Da me za ka je? Da bidiyon TikTok kana ɗaga bal a ƙofar gida?

20/ Laifin kuma ba na yaran kaɗai ba ne, har da mu. Muna biyan kuɗin gidan kallo sau uku a mako. Filin Muhammadu Dikko na nan Karkanda, kuɗin Napep ɗaya. Tsakani da Allah, yaushe rabonka da kallon Katsina United? Ka san sunan 'yan tsakiyarta ko mutum biyu?

21/ Mu ne muke yi wa ɗan wasan gida dariya a majalisa. Mu ne muke ce masa har yanzu kana nan? Yaro ya taso yana jin haka, ya za a yi ya ɗauki buga wa ƙungiyar garinsu a matsayin ci gaba? Ejan ɗin bogi girbi kawai yake zuwa yi, mu muka yi masa shuka.

22/ Ni ma ina ciki. Lokacin da takardar nan ta zo, ni aka ba in karanta saboda ni ne ɗan jami'a. Na ga Turancin a karkace, na ga adireshin imel ɗin ba na kulob ba ne. Na yi shiru don kar a ce hassada nake. Wannan shirun har yau yana damuna.

23/ Saboda haka idan takarda irin wannan ta shigo gidanku, yi abu uku. Nemi lasisin ejan ɗin, FIFA na da jerin masu lasisi a shafinta. Rubuta wa kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa, ka tambaya ko sun san da gayyatar. Sannan tambayi kanka: in da gaske suna son yaron, me ya sa mu za mu biya?

24/ Za a kira ka ɗan baƙin ciki. Ƙyale su. Gara a yi fushi da kai wata biyu da a sayar da fili a dawo da yaro ba takalmi ba kuzari.

25/ Kai kuma ƙanena mai shekara 16, na san kana bibiyata a nan. Zagi Bruno yadda kake so ranar Asabar, ni ma zan taya ka. Amma ranar Litinin je ka nemi taka Novara ɗin. Tana iya kasancewa a Katsina, Funtua ko Kano. Ka buga wasa 30 a rubuce tukuna, sannan mu yi maganar fasfo.

26/ Ku tura wa duk gidan da kuka san ana shirin irin wannan tafiyar. Wanda kuma bai yarda ba ya zo ƙasa mu yi, amma ya taho da sunan mutum ɗaya da ya biya ejan kuɗi daga unguwa ya wayi gari a babban kulob. Ina jira.