Kundin da babu kirarin kowa a cikinsa

Wannan makon zan bar siyasar Abuja ta huta, domin akwai kundin waƙoƙin da ya kamata a ce mun daɗe muna gardama a kansa: "Funeral for Justice" na ƙungiyar Mdou Moctar, wanda kamfanin Matador na Amurka, mai cin gashin kansa, ya fitar a watan Mayun 2024. Su huɗu ne: Abzinawan Nijar uku da Ba'amurke ɗaya, Mikey Coltun, wanda shi ya haɗa sautin.

Mdou, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, bahago ne, kuma da wayar burkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na fari, "Anar", a 2008, da irin murɗa muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara har suka faɗa kunnen Turawa.

"Funeral for Justice" kuwa ba kundin lallashi ba ne. Jita tana ihu, ganga tana gudu, wani lokaci har amon ya kusa danne murya, kuma nan ne kaɗai nake da ƙorafi. Amma fushin yana da dalili. Waƙar "Oh France" tana tuhumar Faransa, ƙasar da ta shafe shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su da lantarki. "Imouhar" kuma 'yan uwan Mdou Abzinawa take yi wa faɗa kan sakaci da harshen Tamashek.

Masu cewa Mdou ya bi iskar sojojin Nijar ne wajen sukar Faransa su duba kalanda. An ɗauki kundin kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ya riske su suna yawon wasa a Amurka, kuma Mdou ya fito fili ya ce bai goyi bayan juyin ba. Babu gwamnan da ya ba da mota, babu jam'iyyar da ta biya kuɗin situdiyo. Mawaƙanmu nawa ne za su iya faɗin haka bayan kakar zaɓe?

Gidajen rediyon Kano, Sakkwato da Maraɗi, ku sa mana kundin nan, ku nemo mai jin Tamashek ya fassara wa masu sauraro.